Tsingaron Baba Girka

Ranar da Kawu ya rasu, kafin masu rumfa su gama ɗaure igiyoyi layinmu na Nasarawa a Kaduna ya riga ya cika. Matan zumuntar coci suka shigo tsakar gida da tulunansu na kiɗa, suka kewaye Mama, matar Kawu, suna waƙa ƙasa-ƙasa. Tsofaffin ɗalibansa suka zo daga Barnawa a motoci, manyan mutane da tumbi da furfura, kowanne yana rantsuwa shi Malam ya fi zanewa a aji. Masu Keke suka jera kekunansu a bakin kwalbati suka tsaya cirko-cirko. Wata mai sayar da tumatir a bakin titi ta kama hannuna tana sharɓar kuka, ta ce, "Wayyo 'yata, Baba mai girki ya tafi, ko sau ɗaya ban ɗanɗana abincinsa ba." Na rasa ko dariya zan yi ko ƙarin kuka. Kawu bai taɓa dafa ko ruwan shayi ba a rayuwarsa.

Amma ba kukan mutane ne ya tsaya mini a rai ba, wani benci ne. A ƙarshen rumfar, Alhaji mai nama, maƙwabcinmu na gida uku gaba, yana zaune shi kaɗai a kan dogon bencin da ke ɗaukar mutum shida. Mutane na tsaye cikin rana, wasu sun jingina da bango, amma ba wanda ya zauna kusa da shi. Shekara arba'in yana buga dara da Kawu a wannan ƙofar gidan. Da na kai masa ruwa ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Allah ya ba mu haƙuri, 'yata." Bai ce ya ba ku ba. Na koma ciki da maganar a raina, domin na san taron layi mai zuwa zai yanke ko Alhaji zai ci gaba da zama a gidansa ko zai kwashe iyalinsa ya bar mana unguwa. Mutum ɗaya da nake ganin zai iya tare masa kuwa yana kwance a mace.

Ina rubuta wannan ne don kada a tuna Kawu a matsayin tsohon nan mai ban dariya da labaran mutanen dā kawai. Yayan mahaifiyata ne. Da ta rasu ina 'yar shekara bakwai, shi ya je ƙauye ya ɗauko ni da ɗan akwatina, ya haɗa ni da 'ya'yansa, bai taɓa bambanta kwanona da nasu ba. Yanzu ina da shagon ɗinki a Trikania da 'ya'ya uku, amma har ya bar duniya, in na yi masa magana ina sunkuyar da kai sai ya ce, "Ɗaga murya, taro ba ya jin raɗa."

Malamin tarihi ne a sakandare har ya yi ritaya. Cikin duk al'ummomin da suka taɓa zama a duniya, Girkawan dā ne suka shiga ransa, musamman mutanen birnin Atina, wanda mu sai a wa'azin coci muke jin sunansa. Ba a minti goma da Kawu bai ce "a ƙasar Girka" ba. Matan layi kuwa girka ɗaya suka sani, ta ɗora tukunya a wuta. Sai suka ɗauka wata ƙasa ce ta gwanayen abinci, suka laƙaba masa Baba Girka. Ya yi ta gyara musu har ya gaji ya fara amsawa. Mama ce kaɗai ta ƙi sunan. Ta ce ita malami ta aura ba kuku ba, kuma bakinta bai taɓa furta shi ba.

Abin da ya burge shi da mutanen Atina shi ne ba su da sarki. Duk ɗan gari, maƙeri ne ko manomi ko matuƙin jirgin ruwa, yakan hau wani tudu ranar taro, mai shela ya tambaya wa ke da magana, kowa ya faɗi tasa, a ɗaga hannu a yanke. Yawancin muƙamansu ma ba nema ake yi ba, ƙuri'a ake jefawa, wanda ta faɗa wa ya riƙe na ɗan lokaci ya sauka. "Yau mai gyaran takalmi, gobe shugaban taro," in ji Kawu, "jibi ya koma kan takalmansa, kuma ba wanda ya mutu."

Bayan rikicin da ya raba Kaduna biyu, waɗannan suka haye kogi zuwa can, waɗancan suka hayo nan, layinmu ya cika da baƙin fuskoki. Ga mutanen Kafanchan da Kwoi da Zonkwa, ga na Filato, ga Tibi daga Binuwai, kowa ya shiga gida ya ja ƙofarsa. Kwata ta toshe ba mai yashewa, shara ta kai gwiwa a ƙarshen layi. Wata Asabar da la'asar Kawu ya fito da kujera da wani tulun ƙasa ya ajiye a gindin mangwaron ƙofar gida, ya bi gida-gida yana sallama. Mutane suka fito, rabi don girmansa, rabi don su ga abin da zai girka a tulun.

Tulun nan ya huda shi da ƙusa a gindi, ya toshe da tsumma. Wai haka alƙalan Atina suke auna magana. Mai magana ya miƙe, a cire tsumman, ruwa ya riƙa tsiyaya cikin kwano. Ruwa ya ƙare, magana ta ƙare, ko kai Fasto ne ko tsohon soja. Shugaban taro kuma da wake ake fitar da shi: ƙwarya cike da farin wake da baƙi guda ɗaya a ciki, kowa ya sa hannu idonsa a rufe, wanda ya ciro baƙin shi ne zai tsaya a gaba a ranar. Sau nawa aka roƙi Kawu ya zama ciyaman na dindindin a huta, ya ƙi. Ya ce shi ya gama mulkin aji, ba zai ɗauki manya da gemu ya mai da su 'yan firamare ba. Tun daga lokacin, duk Asabar ta farkon wata ake zama.

Masu ƙin zuwa su ne ciwon kansa. Ya ce a Atina igiya ake tsomawa cikin jan rini a zagaye kasuwa da ita a koro malalata zuwa taro, duk wanda aka ga ja a rigarsa an san shi ne ya tsaya shiririta. Muna jin wannan muka yi dariya, ba mu san da gaske yake ba. Wata Asabar sai ga shi da igiyar shanyar Mama jiƙe da jan galura, shi da Alhaji kowa ya riƙe baki ɗaya, suka nufi rumfar masu burkutu. Maza suka watse suna ihu suna kare riguna. Tsautsayi ya faɗa kan Fasto, wanda wucewa kawai yake yi cikin farar taguwarsa za shi gaida mara lafiya. Kawu ya ba shi haƙuri sosai, sannan ya ce tunda dai ya riga ya yi ja, ya daure ya zauna a yi da shi.

Faɗansa mafi girma da Mama a kan taron nan ne. Farkon farawa maza kaɗai ke zama, mu mata sai leƙe ta kan katanga. Wata rana Mama ta tambaye shi dalili, ya amsa mata da gaskiyar malami, cewa a Atina mata ba sa magana a taro, haka bayi, haka baƙi. Da lokacin abinci ya yi ya zauna ya wanke hannu, ta ajiye masa kwano a rufe. Ya buɗe, ba komai a ciki.

"Ina tuwon?" ya ce.

"Ka ce Girkawa ne, su girka maka," in ji Mama.

Kwana uku yana cin burodi da ƙosai a bakin titi, mu yara ana ba mu namu a ɗaki muna ƙunshe dariya. A taro na gaba ya miƙe da kansa, aka cire tsumma, ya ce ya sake nazari ya gano mutanen Atina da duk wayonsu sun tafka kuskure uku, mata da bayi da baƙi, kuma layinmu zai gyara musu. Daga ranar duk wanda ke kwana a layin yana da baki, mace ko namiji, mai gida ko ɗan haya. Mama ce mace ta farko da ta yi magana, a kan famfon da maza suka yi wata huɗu suna muhawara, kuma ta gama tulun bai kai rabi ba.

Alhaji mai nama shi kaɗai ne Musulmin da bai tashi daga layin ba. 'Yan uwansa a ƙetaren kogi sun yi roƙon duniya ya dawo cikinsu. Da aka sake samun tashin hankali a gari, wasu matasa daga wata unguwa suka shigo da rana tsaka suna tambayar gidansa. Kawu bai ɗauki sanda ba. Tulu ya ɗauko ya kira taro a ƙofar gidan Alhaji, mutane suka fito da bencina suka zauna suka toshe ƙofar, aka ɗaga hannu cewa gidan nan na layi ne. Matasan suka tsaya suna kallon tsofaffi da mata suna jiran ruwa ya tsiyaye, suka rasa ta inda za su fara, suka juya. Tun daga nan, duk wanda ya ce wa Alhaji ya tashi sai ya amsa, "Taro ya ce in zauna."

Kawu ne kuma ya koya masa boko. Alhaji yana rubutun ajami tun yana yaro, amma in takarda ta zo daga makarantar 'ya'yansa sai ya kawo a karanta masa. Kawu ya ce wannan ba daidai ba ne ga ɗan taro. Kullum bayan sun gama dara, sun gama zargin juna da sata, sai a juya allon darar a rubuta baƙaƙe da alli a bayansa. Hannun da ya saba da wuƙa ya riƙa zana harufa manya-manya a karkace, Kawu yana cewa wannan "b" ɗin ta yi kama da saniyar da ta kwanta.

Akwai labari guda da Kawu ya yi shekaru yana ɓoyewa, ya kuma yi da-na-sanin faɗarsa. A damunar bara ce, ruwa ya tsare mu a baranda bayan taro, hira ta yi daɗi, bakinsa ya suɓuce. Ya ce mutanen Atina suna da wata al'ada, sau ɗaya a shekara, in suna tsoron wani a cikinsu. Kowa ya ɗauki tsingaro, wato gutsuren fasasshiyar tukunya, ya rubuta sunan wanda yake so ya bar gari. Wanda sunansa ya fi yawa sai ya fita na shekara goma, ba shari'a, ba shaida, ba a ma faɗa masa laifinsa. Ya ba mu labarin wani adalin mutum da wani baƙauye da bai iya rubutu ba ya miƙa wa tsingaro, bai san ko shi wane ne ba, ya ce ya rubuta masa sunan adalin, don kawai ya gaji da jin ana yabonsa. Mutumin ya rubuta sunan kansa ya miƙa masa. Kawu ya kawo labarin ne don mu ga yadda taro ke haukacewa in tsoro ya shige shi. Yaya, ɗansa na fari, yana tsaye a bakin ƙofa yana saurare, kuma ba abin da ya ji ke nan ba.

Ba zan zagi Yaya a nan ba. Shi ne shugaban 'yan sintirin layi, mutum ne mai tsayawa a kan nasa. A farkon shekarar nan masu garkuwa da mutane suka ɗauke ƙanwar matarsa a hanyarta ta dawowa daga aiki, a layin da ke bayanmu. Ta dawo bayan makonni, da ranta, amma har yau ba ta iya zama a ɗaki in an rufe ƙofa. Tun daga nan kowa ya fara cewa akwai infoma a unguwa, dole akwai wanda ke nuna musu gidaje. Ba wanda ya ga komai. Abin da aka gani kawai shi ne baƙi suna shiga gidan Alhaji, masu kawo masa shanu daga daji, waɗanda suke zuwa tun kafin a haifi Yaya. Mata suka daina sayen namansa. Ni ma, in faɗi gaskiya, sau biyu na zagaya ta wata hanya don kada a gan ni a gaban teburinsa, kuma har yanzu ina jin kunyar haka.

A taron ƙarshe da Kawu ya halarta, Yaya ya miƙe ya ce a jefa tsingaro. Bai ambaci suna ba, bai kuma bukata ba. Kawu ya nemi magana. Ƙafafunsa sun riga sun kumbura, sai da na riƙe shi ya tsaya. Ya fara a hankali, yana haki, yana tuna musu ranar bencina, yana cewa al'adar nan ita ce mafi muni cikin duk abin da Girkawa suka yi, su da kansu ma daga baya sun watsar da ita.

"Baba, abeg," in ji Yaya daga inda yake zaune, "wannan ba lokacin tarihi ba ne. Maganar sikiriti ake yi. Kai ka koya mana, ba mu muka ƙirƙiro ba."

Kawu ya juyo zai ba shi amsa. Ya ce, "Ɗana, abin da ban gaya muku ba shi ne," sai ɗigon ƙarshe ya faɗa cikin kwano. Kowa ya ji shi. Mai shugabancin ranar, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato, ta ce a ƙara masa ruwa, ai dattijo ne. Kawu ya girgiza kai ya zauna. Aka ɗaga hannu, masu son a jefa tsingaro a taro mai zuwa suka yi rinjaye. Na kalli hannuwan nan, akwai na mutanen da suka zauna a kan bencina a ƙofar Alhaji.

Bayan kwana huɗu aka kwantar da shi a asibiti. Ina kai masa kunu da hantsi kafin in buɗe shago. Wata safiya na kasa daurewa na ce, "Kawu, ka kira Yaya ka hana shi. Ka aika wa layi cewa ka soke. Ba wanda zai ƙi jin maganarka a wannan halin."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "In na soke da girmana, na zama sarki ke nan, taron kuma ya mutu. Gobe wani mai girman da ba ni ba zai soke abin da bai yi masa ba."

"To in suka kore shi fa?"

"Za su iya," ya ce. "Mutanen Atina da ɗaga hannu suka kashe malaminsu mafi hikima. Ban taɓa ce miki taro ba ya kuskure ba." Hawaye suka gangaro masa ta gefen kunne. Ban taɓa ganin kukansa ba, ko ranar da aka binne mahaifiyata. Ya ce, "Na ɗaga musu wuƙa don su ga tana yanka, su kuma suka ga tana da kyaun riƙewa. Ni na jawo wa Alhaji."

Na tambaye shi mene ne abin da bai ƙarasa faɗa ba a taro. Ya ce ruwansa ya ƙare, ba zai faɗa a bayan fage ba. Na ji haushinsa a ranar, haushi sosai, na ɗauki fulas ɗina na fita ban yi masa sallama da kyau ba. Washegari da rana ya cika.

Kwana tara bayan binne shi Asabar ta farkon wata ta zo. Na yi addu'a a fasa taron saboda makoki, ba a fasa ba. Tun da safe na kasa zare allura, na ɓata wuyan rigar wata mata na rufe shago na taho. Layi ya fito kaf, har waɗanda igiyar galura ba ta taɓa kamowa ba. Yaya ya kawo buhu cike da tsingaro, tsofaffin tukwane ya bi gida-gida ya tara ya farfasa, da kwalin alli. Alhaji ya zo cikin farar riga ya zauna a ƙarshen benci. Matarsa ta riga ta ɗaure kaya tun jiya, 'yarsa ce ta gaya mini. Layi ba shi da ikon korar kowa a doka, dukanmu mun sani, amma wa zai iya kwana cikin mutanen da suka rubuta sunansa?

Aka zagaya da ƙwaryar wake. Na sa hannu ina roƙon Ubangiji ya tsallake ni. Da na buɗe tafin hannuna, baƙin waken ne. Na tsaya a inda Kawu ya saba tsayawa in ƙuri'a ta faɗa masa, na cika tulu, na yi tambayar da ake buɗe taro da ita, "Wa ke da magana?" Muryata ko na gaba bai ji ba, sai da na maimaita.

Yaya ya yi magana har ruwansa ya ƙare. Bai yi zagi ba. Ya faɗi yadda ƙanwar matarsa ke firgita in an taɓa ƙofa, ya ce shi ma yana da 'ya'ya mata, mutane suna gyaɗa kai. Na juya wajen Alhaji na ce ko yana da magana. Ya ce, "'Yata, ba ni da abin faɗa da ba ku sani ba." Aka fara raba tsingaro da alli.

A nan ne ƙofar gidanmu ta buɗe, Mama ta fito. Tana cikin makoki, ba wanda ya zaci za ta taka waje. Ta zo a hankali da baƙin ɗankwalinta, ta sa hannu cikin buhun ɗanta ta zaɓi tsingaro babba, ta ɗauki alli. Mama ba ta yi makaranta ba, shekara hamsin tana auren malami amma ta ƙi zama ya koya mata, ta ce ba za ta zama ɗalibar mijinta ba. Ga 'ya'yanta ga jikokinta duk masu ilimi a wurin. Ta wuce su duka, ta je ƙarshen benci ta zauna kusa da Alhaji, ta miƙa masa.

"Alhaji, ka rubuta mini."

Duk wanda yake barandar nan a damunar bara ya tuna labarin baƙauyen. Na ce a raina, ko ita ma ta yarda da zancen ne? Alhaji ya karɓa ya ce, "Sunan wa, Mama?"

"Baba Girka," ta ce, da ƙarfi yadda har na bayan mangwaro suka ji. Wannan ne karo na farko da sunan ya fito daga bakinta.

Yaya ya miƙe. "Mama, wane irin abu ne wannan? Baba ya rasu."

"Na fi ka sani, ni na rufe masa ido," in ji Mama. "An ce a rubuta wanda ya jawo wa layi fitina. Shi ya kawo tsingaron nan, shi zai tafi da shi. Ko akwai dokar da ta ce sai mai rai? Ke shugaba, akwai?"

Duk idanu suka dawo kaina. Na lalubi duk abin da Kawu ya taɓa faɗa, ban sami inda ya ce haka ba. Na ce, "Babu."

Alhaji ya sunkuya ya rubuta, harafi bayan harafi, da "b" ɗinsa mai kama da saniyar da ta kwanta. Hawayensa suna ɗiga a kan allin sai da ya sake bin wasu. Mama ta karɓa ta jefa a kwando. Sai wata tsohuwa 'yar zumunta ta taso da nata tsingaron ta miƙa wa Alhaji, ita kuma wai idonta ba ya gani. Bayanta ma'aikaciyar jinyar nan, wadda kowa ya san ta iya rubutu fiye da kowa a layin. Kafin a jima mata sun yi layi a gaban bencin da ba wanda ya yarda ya zauna a kansa ranar makoki. Maza suka rubuta nasu a ɓoye cikin tafin hannu, kowa ya jefa ya kau da kai.

Ni na zazzage kwandon a kan tabarma na ware su kashi biyu a gaban kowa. Tarin Kawu ya fi, amma ba da nisan da nake so ba. Ɗaya tarin, na Alhaji, ba ƙarami ba ne, kuma ni mai ɗinki ce, mutanen nan sun sha rubuta mini awonsu a takarda, na gane hannuwa da yawa. Waɗannan mutanen suna nan, tsoronsu yana nan, masu ɗauke mutane ma ba su tafi ko'ina ba. Sau ɗaya a shekara ake jefa tsingaro, haka Kawu ya faɗa, na kuma tuna wa taro da haka. Shekara ɗaya muka samu ke nan. Badi ba mu da wani mamacin da za mu rubuta, kuma wannan tunanin yana hana ni sakewa har yanzu da nake rubutun nan. Abu ɗaya na riƙe: akwai tsingaro guda cikin tarin Kawu da aka fara rubuta wani suna aka goge da yawu, hannun kuma na Yaya ne. Ban gaya masa na gani ba.

Saura sanarwa, kuma aikin shugaba ne. Na tsaya a gindin mangwaron da ya dasa, gaban tulun da ya huda, na buɗe baki abin ya ƙi fita. Mutumin da ya ɗauko ni daga ƙauye da ɗan akwatina, wanda na fita na bari ban yi masa sallama da kyau ba. Sai na ji kamar yana ce mini in ɗaga murya. Na ɗaga.

"Taro ya kori Baba Girka daga layin nan na shekara goma. Alhaji yana nan a gidansa."

Ba wanda ya tafa. Yaya ya rufe fuskarsa da hularsa, kafaɗunsa suna rawa. Alhaji ya aika a gaya wa matarsa ta kwance kaya. Mama ta dafa gwiwa ta miƙe, ta gyara ɗankwalinta, ta dubi wajen da kujerarsa ta saba zama.

"Ya ji," ta ce. "Bai taɓa ƙin bin taro ba."

Ubangiji ya ba ka hutu, Kawu. Da bakina na kore ka, ka yafe mini.